Kopi da Ƙafafun Anwar

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ku da Allah ya ɗora wa renon yaro mai lalura. Tun ranar da aka ga Anwar ya shiga walimar 'yan Najeriya da ƙafarsa wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce wane likita ne, waccan ta ce wane magani muka ba shi. Amsar ba ta layi biyu ba ce, shi ya sa na zauna in ba da labarin yadda ya faru, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu mutanen Kano ne. Maigidana yana koyar da kwamfuta a wata kwaleji mai zaman kanta a nan Kuala Lumpur, muna zaune a wani dogon bene kusa da tashar jirgin Titiwangsa. Anwar ne ɗanmu na fari, kuma har yau shi kaɗai Allah ya ba mu. Na sha doguwar naƙuda a haihuwarsa, ya faɗo bai yi kuka da wuri ba. Sai da ya shekara bai zauna ba sannan likita ya kira mana sunan ciwon, cerebral palsy, ya ce sashen ƙwaƙwalwar da ke ba gaɓoɓi umarni ne ya taɓu. Hankalinsa garau yake, surutu kuwa har ya fi ni, sai dai in na yi masa Hausa ya mayar min da Turanci ko yaren Malay. Ƙafafun ne matsalar. Jijiyoyin a ɗaure suke, in ya dafa keken koyon tafiya sai ya yi ɗage a kan yatsu, gwiwoyinsa suna gogar juna.

A farkon shekarar korona, yana da shekara shida, aka yi masa tiyata don a sassauta jijiyoyin, aka naɗe ƙafafun biyu da farin simintin asibiti. Likitan wani dattijo ne ɗan asalin China, ba mai yawan magana ba. Ranar sallama ya ce mana, "Ni rabin aiki na yi. Sauran rabin na 'yan fiziyo ne, masu gashin ƙashi, kuma wannan rabin ba ya jira." Na gyaɗa kai kawai, ban san maganar za ta dinga hana ni barci ba.

Simintin yana ƙafarsa aka kulle gari. Ranar cirewa mai gadi ya tare mu a ƙofar asibiti, ya ce mutum ɗaya ne zai shiga da yaro. Baban Anwar ya koma mota, ni na tura keken guragu na bi layin awon zafin jiki, daga nan na bi layin kati, sannan muka zauna a kujerun da aka yi wa alama don kada a matsi juna. Tun hantsi sai bayan azahar aka kira mu. Da aka yanke simintin sai da na kau da kai. Ƙafafun sun tsotse kamar sillen kara, fatar ta yi fari tana saɓulewa, ga gyambo a dunduniyar hagu. Na tambayi yaushe za a fara gashi, ma'aikaciyar ta ce an dakatar da duk abin da ba na gaggawa ba, za a kira mu. Ba na ganin laifinsu, na ga yadda suke zufa cikin rigunan leda. Amma lambar da suka ba ni in na kira sai ta yi ta ƙara har ta katse, kuma wannan ya ƙona min rai ƙwarai.

Satin farko a gida wankin gyambo muka yi. Sati na biyu wata mai gashi ta fara nuna mana motsa jiki ta waya, ni in lanƙwasa ƙafar, Baban Anwar ya riƙe wayar, Anwar ya yi ta ihu har maƙwabta su buga bango. Da azumi ya shigo gyambon ya warke, ta ce lokacin tsayuwa ya yi. Wata la'asar muka tsayar da shi yana dafe da kujerar falo, mu biyu muna gefensa. Ya tsaya, har ya yi dariya. Kafin mu ankara gwiwoyin suka lanƙwashe masa, haɓarsa ta bugi gefen tebur. Jini ya ɓata min hijabi, muka kwashe shi sai asibiti aka yi masa ɗinki.

Daga ranar Anwar ya rufe maganar tsayuwa. Da ya ga na nufi ƙarafunan da ake ɗaura masa a ƙafa sai ya ƙanƙame jiki ya hau cewa, "Tak boleh, Mama, tak boleh!" wato ba zai iya ba. Yaron da ba ya rufe baki ya koma wuni a kwance yana kallon silin. Abinci sai da lallashi, cikinsa ya ɗaure, ya dawo fitsarin kwance da ya daɗe da bari. Muka gwada alawa, muka gwada faɗa, babansa har kuka ya taɓa yi masa, duk a banza.

Daga gida kuwa shawara ba ta yanke ba. Ummana ta ce man shanu da tafarnuwa, a mulke ƙafar safe da yamma. Na yi, ɗakin ya ɗauki wari, fatar dai ta yi laushi. Wata gwaggona ta ce baki ne, in daina sa hotonsa a waya. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce tun farko ba ta so aka taɓa yaro da wuƙa ba, da an buɗe hanya mu kawo shi gida akwai mai ɗori da ta sani. Duk ƙauna ce ta sa su, na sani, amma duk wayar da na ajiye sai in ji kaina ya ƙara nauyi. Ga aljihu ya yi sanyi. Inshora ta ce ba ruwanta da ciwon da aka haifi yaro da shi, baƙo kuma kuɗin asibitinsa daban ne da na ɗan ƙasa. An rage wa Baban Anwar albashi, ni ma yadukan da nake saro wa matan Kano a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sun tsaya, babu shago babu jirgi.

Bayan ƙaramar salla aka ɗan sassauta kulle, muka koma wurin likitan. Ya miƙar da ƙafar, ya lanƙwasa. Sannan ya ce jijiyar ta fara komawa yadda take. In yaron bai ɗora nauyinsa a kan ƙafafun nan ba da jimawa ba, wahalar da ya sha ta tafi a banza, sai dai a sake wata tiyatar.

A ƙasan benenmu na haɗu da Maman Joy. Rahila sunanta, Kirista ce 'yar Filato, tana aiki a wani kantin magani. 'Yarta Joy tana da lalurar da ke hana yaro magana da shiga mutane. Ta dubi idona ta ce, "Maman Anwar, kuka kika yi." Na ba ta labari a tsaye, takunkumi a fuskarmu.

Ta ce, "Akwai inda nake kai Joy a unguwar Brickfields, sun buɗe satin nan. Akwai mai gashi, kuma suna aiki da kare."

"Da me?"

"Kare. Horarre ne, aikinsa ke nan. Joy ba ta yarda a taɓa ta, amma a jikinsa ta fara kwantar da kai."

Na ce, "Haba Maman Joy, kin san mu da kare."

"Na sani. Ban ce ki ɗauke shi ki kai gida ba. Ki zo ki gani da idonki, in bai yi miki ba ki kama hanya."

Ni dama tsoron kare nake yi, ko haushinsa na ji daga nesa sai in canja hanya. Amma maganar likita ta fi kare ba ni tsoro. Da na gaya wa Baban Anwar bayan sallar magariba sai ya ajiye cokali.

"Kare fa kika ce, Hajara. Yaron da muke koya wa alwala? In Hajiya ta ji me zan ce mata? Ga maƙwabtanmu Malay, kin san yadda suka ɗauki abin."

Na ce, "To kawo wata dabarar, wallahi zan bi."

Washegari ya kira wani malami ɗan Zariya da ke karatun digiri na uku a fannin shari'a a nan garin. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce a mazhabar da muka tashi a kai jikin dabba mai rai ba najasa ba ne, ajiye kare a ɗaki don sha'awa shi ne abin da ake hanawa, wannan kuwa neman magani ne. Ya ce mu wanke abin da ya taɓa don samun natsuwa, mu kuma mutunta fahimtar mutanen ƙasar. Baban Anwar ya ajiye waya ya ce, "Mu je. Amma kada kowa ya ji a Kano."

Wurin wani tsohon shago ne a bayan masu saƙa furanni, ƙanshin turaren Indiyawa har ciki. Mutum biyu ke aikin. Akwai Madam Lila, dattijuwa Ba'indiya mai karen, sai Aida mai gashi, budurwa 'yar Malay da ɗankwalinta har kafaɗa. Ganin Aida ya fara kwantar min da hankali. Ta lura da yadda nake raɓe-raɓe, ta jawo ni gefe ta nuna min wani sabulu da aka haɗa da yumɓu, ta ce da shi take wanke hannu bayan aiki, a kanti ake sayar da shi.

Sannan aka shigo da ita, ashe karya ce. Babba, mai dogon gashi ruwan ƙasa, bakinta ya fara furfura. Sunanta Kopi, wato gahawa da yarensu. Na manne da bango ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta je nesa kaɗan da keken Anwar ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta, ta saki numfashi kamar tsohuwar da ta dawo daga kasuwa. Ranar babu wanda ya ambaci tsayuwa. Anwar ya yi ta kallonta, can ya nuna ƙafarta ta baya inda gashi bai rufe wani dogon tabo ba, ya tambayi Madam Lila me ya same ta.

Ta ce, "Tiyata aka yi mata, kamar kai."

"Ta yi kuka?"

"Sosai. Har yanzu ma ƙyuya take yi, ba ta son motsa ƙafar. Ina neman wanda zai taya ni."

A hanyar gida ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi a wata guda. Kopi tana cin shinkafa? Wa ke yi mata wanka? Ita ma an sa mata siminti? Daren nan ya cinye abincinsa.

Zuwa na biyu aka ba shi buroshi ya taje ta yana zaune a benci, Aida ta lallaɓa ta daidaita tafin ƙafarsa a ƙasa ba tare da ya kula ba. Zuwa na uku ya yarda aka ɗaura masa ƙarafunan, don Madam Lila ta naɗa shi likitan Kopi, ta ce likita ba ya aiki sai da kayan aiki. Sati ya bi sati a haka, ni har na fara ƙosawa. Muna biya, muna ratsa gari da fargabar cuta, yaro yana tsefe kare. Na faɗa wa Aida, ta ce, "Ki ƙara haƙuri, Mama. Ƙafarsa za ta iya, zuciyarsa muke jira."

Wata Asabar suka ɗora Kopi a kan wani faffaɗan tebur mai ɗan tsayi. Anwar ya taje gefenta daga zaune, ya miƙa hannu bai kai gadon bayanta ba. Madam Lila ta ce, "Kash, can ne kuma ya cukurkuɗe." Ta juya tana neman wani abu a jaka, Aida ta durƙusa a bayansa. Ina kallo ya dafa gefen teburin da hannu ɗaya, ya cusa ɗayan cikin gashin wuyan Kopi, ya yunƙura. Gwiwoyin suka yi rawa. Kopi ta tsaya cak, ko jela ba ta kaɗa ba. Ya miƙe. Ya ci gaba da tajewa yana yi mata faɗa da Turanci wai ba ta son tsafta. Baban Anwar ya damƙe hannuna har sai da ya yi min zafi. Can yaron ya dubi ƙasa, ya dube mu, ya ce da Hausa, "Mama, a tsaye nake."

Takunkumina ya jiƙe sharkaf, sai da Aida ta ba ni wani.

Daga nan aka sa wa Kopi wata ɗamara mai mariƙi a baya. Anwar ya riƙe mariƙin da hannu ɗaya, Aida tana tallafe da ƙugunsa, su taka tare. In ya tsaya ta tsaya. In ya yi tangal-tangal ta jingina masa jikinta. Ya faɗi ba sau ɗaya ba, amma a kan katifa, kuma da ya ga ta sunkuyo tana shinshina kansa sai dariya ta kashe kukan. A gida ya yarda da motsa jikin da yake gudu, don ya je ya ba Kopi labari. Fitsarin kwance ya ɗauke. Ni ma wata rana na tsinci hannuna a kan bayanta, ban san lokacin da na kai shi ba.

Asirinmu bai daɗe ba. Murna ta sa Baban Anwar ya tura wa ƙanwarsa bidiyon tafiyar, ita kuma ta nuna wa Hajiya. Wayar ta shigo muna cin abincin rana.

"Abin da na gani gaskiya ne? Jikana ne rungume da kare? Don kun je ƙasar wasu sai ku watsar da tarbiyyar gidanku?"

Baban Anwar ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, magani ne. Mun tambayi malamai."

"Wane irin magani? Duk maganin duniya ya ƙare sai kare? Hajara, ke ma da hankalinki?"

Na ce, "Ki gafarce mu, Hajiya."

Anwar yana jin mu. Ya ce a juya masa wayar ta hoto. Ya dafa kujera ya miƙe, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga mata, ya ce, "Hajiya, kalli. Ni ne likitan Kopi." Sannan ya tako zuwa wurin babansa yana bin bango. A bidiyon kare kawai Hajiya ta kula da shi, sai yanzu ta ga dunduniyarsa a ƙasa. Sai muka ji tana jan hanci, ta ce, "Allahu Akbar." Can kuma ta ce, "To a dinga wanke masa hannu da kyau. Kuma kada a kawo karen gida." Muka ce in sha Allahu.

Ba a tafi a haka sumul ba. Cutar ta sake tashi, aka sake kulle gari, wurin ya rufe. Anwar ya yi kwanaki yana fushi, ya ƙi ƙarafunan, hankalina ya tashi na ce mun koma baya. Madam Lila ce ta cece mu, Allah ya shirye ta ya saka mata. Kullum da hantsi sai ta kira ta hoto, ta ɗaura wa Kopi ɗamara su yi tafiya a barandar gidanta, shi kuma ya yi tasa a barandarmu da keken koyon tafiya, Aida tana gyara mana ta wani layin. Ba ta karɓi ko sisi a kan wannan ba. Watannin kullen nan a haka muka cinye su. Kafin a sake buɗewa ya koma sanduna biyu. Da muka je wurin likitan ya duba ƙafar, ya sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sai ya rufe fayil ya ce babu maganar wata tiyata yanzu.

Ga abin da zan gaya wa duk uwar da ke cikin irin halin da na shiga. Kare bai warkar da ɗana ba. Har yau Anwar yana da lalurarsa, yana sa ƙarafuna, yana riƙe sanda in tafiyar da nisa, in ya gaji ƙafar hagu tana ja. Likita ya yi nasa, Aida ta yi aikin da ya fi kowanne wahala, Allah kuma shi ya ba da sauƙi. Abin da Kopi ta yi shi ne ta cire masa tsoro a lokacin da ni uwarsa na kasa, don ni duk sanda ya dube ni fargaba yake gani a idona, ita kuwa babu abin da take jira daga gare shi. Kada kuma wata ta je ta samo karen gadi ta ce za ta gwada. Waɗannan horar da su ake yi shekara da shekaru, ana duba lafiyarsu, kuma mai su ba ya matsawa ko nan da can. Ba kowane yaro ne zai karɓa ba, na ga wanda aka daina kawowa saboda atishawa da ƙaiƙayi. In an yi wa ɗanki tiyata, tun kafin ku bar asibiti ki san wa zai yi masa gashi kuma yaushe, kada ki yarda da "za mu kira ki". In ya faɗi ya tsorata, kada ki yi masa tsawa, tsoron ma ciwo ne mai neman nasa maganin. Abin da ya shige miki duhu na addini ki tambayi masu ilimi, kada ki yanke hukunci da ƙyama ko jin kunya.

Ina godiya ga Maman Joy da ta tsaya ta dubi idona ranar nan. Joy ma yanzu tana kiran sunan Anwar in sun haɗu a lif ɗin hawa benenmu.

Kopi ta tsufa, an sallame ta daga aiki, wata ƙaramar karya ce ta gaje ta. Mukan kai mata ziyara gidan Madam Lila jefi-jefi. Kwanakin baya ta yi rashin lafiya, Anwar ya damu har ya gaya wa kakarsa a waya. Bayan sati muna gaisawa da Hajiya, mun gama maganar gida har za mu yi sallama, sai ta rage murya ta ce, "Hajara, wannan mai jinyar taku, ya jikin nata?"

Na ce, "Da sauƙi, Hajiya, ta fara cin abinci."

Ta ce, "To madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Na ce amin. Allah ya ba duk masu jinya lada da juriya, ya tashi kafaɗun yaranmu, ya sa mu ga ranar da za su tsaya da ƙafafunsu.